Tsutsar da Gidanta Ya Ruɗi Masana: Tarihin Ƙwaron Kadis

 Yau za mu bar tudu mu shiga rafi.

A shekarar 1834 wani mutumin birnin Filadelfiya ta Amurka, mai suna Isaac Lea, ya wallafa bayanin wani sabon dodon koɗi da aka samo a jihar Tenesi. Lea ba ɗan koyo ba ne. Ya shafe rayuwarsa yana tara katantanwa, kuma ya raɗa wa ɗaruruwan halittun ruwa suna. Wannan da aka kawo masa ɗan ƙarami ne, bai wuce ƙwayar dawa ba, a murɗe yake kamar kowace katantanwa, sai dai duk jikinsa ƙwayoyin yashi ne jere reras. Lea ya sa masa suna Valvata arenifera, wato dodon koɗi mai ɗauke da yashi. Daga baya ta bayyana cewa babu dodon koɗi ko ɗaya a cikin lamarin. Gidan tsutsar wani ƙwaro ne, ta gina shi da kanta, ƙwayar yashi bayan ƙwayar yashi, ta murɗa shi ta ɓangaren da yawancin katantanwa ke murɗawa. Har idan za ta kwanta ta rikiɗa, takan saƙa wa ƙofar murfi mai kama da na dodon koɗi. A 1856 masanin Jamus von Siebold ya ba zuri'ar wannan tsutsa sunan da take amsawa har yau, Helicopsyche.

Kada mu yi wa Lea dariya da yawa. Kuskurensa shi ne kuskuren da ya bi tarihin wannan ƙwaro tun daga farko: gidan ne ke fara ɗaukar ido, mai gidan kuwa sai an sha wahala kafin a gane ko wane ne.

Turawan Ingila na kiran ƙwaron kadis, kuma da wannan suna za mu kira shi a nan. Babbansa bai da wani abin burgewa. Launinsa ruwan ƙasa ne ko toka-toka, yana da dogayen gashin hanci guda biyu kamar zare, idan ya sauka yakan kifa fukafukansa a bayansa kamar jinkar ɗaki. Da dare yake fita, yana son hasken fitila, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka ɗan malam-buɗe-littafin dare ne. Bakinsa bai iya tauna, sai lasar ruwa ko zaƙin fure, shi ya sa yawancinsu ba sa daɗewa a wannan mataki. Rayuwar gaske a cikin ruwa take. Macen takan zuba ƙwai cikin wani abu mai yauƙi a kan dutse ko ganyen bakin rafi. Tsutsar da ta fito takan wuce matakai biyar na girma, tana saɓa tsakanin kowane mataki da na gaba. A ƙarƙashin bakinta akwai wata kafa da take fitar da zaren siliki, kuma da wannan zaren take yin komai.

Yadda take ginin ya cancanci mu tsaya a kansa. Tsutsar na zaune cikin bututun da ta yi, kanta da ƙafafunta shida ne kawai a waje, su ne masu tauri. Sauran jikin laushi ne da shi kamar tsoka, kifi na ganinsa zai haɗiye. Sai ta miƙa ƙafa ta ɗauko ƙwayar yashi, ta jujjuya ta, ta gwada ta a bakin bututun. In ba ta zauna ba ta juya ta wani gefen, in har yanzu ba ta zauna ba ta yar ta ɗauko wata. Wadda ta dace sai ta ɗaure ta da siliki daga ciki. Duk lokacin da ta ƙara girma sai ta ƙara gini ta gaba, ta yanke tsohon ɓangaren baya da ya yi mata kaɗan. A ƙarshen jikinta akwai ƙugiyoyi biyu da take maƙale shimfiɗar silikin da su, shi ya sa in ka ja ta da ƙarfi za ta iya tsinkewa ba ta saki ba. Masu bincike sukan taɓa ta ne ta ƙofar baya da wani abu marar kaifi, sai ta fito da kanta.

An daɗe ana ɗauka cewa kariya ce kaɗai amfanin gidan. Kariyar na nan, amma akwai wani aiki da ya fi ɓoyuwa. A gaɓar farko ta cikin tsutsar akwai wasu 'yan tozaye, ɗaya a sama, biyu a gefe, da ke riƙe ta a tsakiyar bututun don kada ta manne da bango. Sai ta riƙa kaɗa cikinta kamar igiya, ruwa na shiga ta gaba yana bi ta kan zaruruwan da take numfashi da su, yana fita ta wata 'yar kafa a baya. Wato bututun zuga-zugi ne. A wasu dangogi, ba duka ba, gwaji ya nuna cewa tsutsar da ke cikin gidanta ta fi jure ruwa mai ƙarancin iska a kan wadda aka fitar. Masana da yawa na ganin wannan ne ya ba masu bututu damar barin ƙoramu masu sanyi da gudu su shiga tafkuna da kududdufai.

Kowane gida kuma da salonsa. Zuri'ar Brachycentrus na yanka tsinken ganye ta jera su kusurwa huɗu. Phryganea na yanka ganye dogo-dogo ta naɗa su a karkace kamar rawani. Goera na liƙa manyan tsakuwa a gefe biyu na bututunta. Anabolia na ɗaura dogayen ƙirare da suka fi gidan tsawo, abin da ke sa kifi ya kasa haɗiye shi. Akwai wata Limnephilus da ke gini da ƙananan katantanwa, kuma ba ta damu ko mai katantanwar na ciki da ransa ba, haka za ta ɗaure shi ta yi ta yawo da shi. Wasu kuma ba sa wahalar da kansu, sai su sami guntun icce su rarake cikinsa su shige.

To, ta yaya mutane suka fara sanin wannan halitta? Aristotal na Girka ya yi maganar wata tsutsa mai yawo cikin kube da aka liƙa wa ƙirare, amma masana sun saɓa a kan wadda yake nufi, da yawa na ganin tsutsar bishiya ce. Mu ma mun san irinta, wadda ake gani rataye a reshen itacen ƙaya cikin ɗan kwanso na tsinke. Waccan 'yar dangin malam-buɗe-littafi ce, ba ta shiga ruwa. Waɗanda suka fara sanin ta ruwan da kyau masunta ne, domin kifi na sonta ƙwarai, ita suke sa wa a bakin ƙugiya. Izaak Walton ya bambanta irinta daban-daban a littafinsa na kamun kifi da ya fito a Ingila a 1653, bisa ga kamannin gidajensu. Sunan kadis ɗin ma, ana cewa daga wani zaren ulu ya samo asali, wanda 'yan kolin Ingila na da ke sayarwa. Sukan maƙala guntayen hajarsu a jikin rigarsu don talla, sai aka ga tsutsar ma haka take yi. Ko da labarin bai tabbata ba, duk wanda ya taɓa ganin ɗan koli ya san hoton ya dace.

Cikin mutanen farko da suka zauna suka kalle ta da idon bincike na tsawon lokaci akwai Bafaranshen nan Réaumur. A juzu'i na uku na babban aikinsa kan ƙwari, wanda ya fito a 1737, ya haɗa ta da asu, wannan ƙwaron da ke cin tufafi, domin tsutsar asu ma na saƙa wa kanta kube da zaren kayan da take ci. Ya kira ta asun ruwa. Abin mamaki, ta hanyar kallon gida ya bi, hanyar da ta kayar da Lea, amma shi sai ta kai shi kusa da gaskiya.

Linnaeus na Suwidin ya bi wata hanya. A bugu na goma na littafinsa na rarraba halittu, a 1758, ya dubi babban ƙwaron ne, musamman jijiyoyin fukafukansa. Ya tara su duka a zuri'a guda ya kira ta Phryganea, daga kalmar Girkanci mai nufin busassun ƙirare na hura wuta. Sannan ya jefa zuri'ar cikin rukunin Neuroptera, tare da mazari da wasu ƙwari masu fukafukai kamar raga. Wannan rukuni ya zama tamkar ɗakin ajiyar tarkace, duk abin da aka rasa inda za a kai shi sai a tura shi can. Cikin zuri'ar Phryganea kanta ma ya saka wasu ƙwarin da ba kadis ba ne, na wani rukuni ne daban da tsutsarsu ke zama ƙarƙashin dutsen rafi ba tare da gida ba. Sai a 1813 William Kirby, wani limamin coci a ƙauyen Barham na Ingila, ya ware su ya ba su rukuninsu. Ya lura cewa fukafukansu gashi ne ya lulluɓe su, don haka ya kira su Trichoptera, masu fiffike mai gashi. A cikin wata maƙala ya yi hakan wadda ma ba a kansu ya rubuta ta ba.

Samun suna bai warware babbar matsalar ba. Ga tsutsa a ruwa da gidanta, ga ƙwaro a jikin fitila, wace ce uwar wane? Babu hanyar sani sai a kama tsutsar a rene ta har ta rikiɗa. Wannan aikin haƙuri shi wani saurayi ɗan Janeba ta Suwizalan, François Jules Pictet, ya ɗauka. Littafinsa ya fito a 1834, yana da shekara 25, a shekarar da Lea ya yi nasa kuskuren. Ya zana tsutsa da gidanta da babban ƙwaron gefe da gefe, kuma aikinsa ya fito da wani abu da ya rushe tunanin masunta: ba duka kadis ke gina gidan ɗauka ba. Zuri'ar da ya kira Hydropsyche na kafa ɗaki a jikin dutse ta saƙa 'yar raga a bakinsa, ruwa na kawo mata abinci kamar mai taru. Wadda ya kira Rhyacophila kuwa tsirara take yawo tana farautar ƙananan halittu, sai za ta rikiɗa take tara tsakuwa ta rufe kanta.

Bayansa sai aikin ya koma kan teburi da madubin ƙara girman abu. Robert McLachlan na Landan ya fitar da babban nazarinsa kan kadis na Turai kashi-kashi daga 1874 zuwa 1880, kuma ya kafa ƙa'idar da ake bi har gobe: tun da launi da girma na yaudara, siffar al'aurar namiji ce ke raba nau'i da nau'i. Ba aiki ne mai daɗin ba da labari ba, amma shi ya kawo ƙarshen ruɗanin ba wa ƙwaro ɗaya suna uku. Georg Ulmer, wani malamin makaranta a Hambag ta Jamus, ya ɗora daga nan, ya rarraba na duniya baki ɗaya a 1907, sannan a 1912 ya bayyana waɗanda suka maƙale cikin ƙaron bishiya na yankin tekun Baltik tun shekaru miliyoyi da suka wuce.

A gefe guda akwai waɗanda gidan bai daina ba su sha'awa ba. A 1863 wata budurwa a Ingila, Elizabeth Smee, ta riƙa fitar da tsutsotsin daga gidajensu tana ba su wasu kayan gini, har da ɓarɓashin ƙarfe da duwatsu masu launi, don ta ga me za su karɓa, me za su ƙi. Rahotonta ya kai gaban ƙungiyar masana dabbobi ta Landan. Fiye da shekara ɗari bayan haka, wani mai fasaha Bafaranshe, Hubert Duprat, ya shahara da irin wannan aiki, yana ba tsutsotsin zinariya da lu'ulu'u su gina masa bututu. Mutane da yawa sun san Duprat, kaɗan ne suka san Smee, kuma a ganinmu an tauye mata haƙƙi. Can a kudancin Barazil kuma, Fritz Müller, Bajamushen da ke musayar wasiƙu da Darwin, ya gano wata kadis da ke rayuwa cikin ɗan ruwan da ke taruwa tsakanin ganyen tsiron da ke maƙale a saman bishiya, nesa da kowane rafi.

Rabon da ya fi daɗewa ya zo daga Rasha. A 1924 Andrey Martynov ya dubi wasu 'yan yatsu da ke gefen bakin babban ƙwaron. A wasu, gaɓar ƙarshe doguwa ce mai zobe-zobe, tana lanƙwasa kamar bulala. A wasu kuma gaɓa ce guda santala. Ya kira na farko Annulipalpia, na biyu Integripalpia. Abin da ya ba wannan rabo ƙarfi shi ne, da aka koma ruwa sai aka tarar tsutsotsin sun rabu kusan haka: masu zobe su ne masu kafa ɗaki da raga, masu santala su ne masu ɗaukar bututu. Siffar uba da sana'ar ɗiya sun yi shaida iri ɗaya.

Sai dai wasu dangogi huɗu sun ƙi shiga layi. Biyu daga ciki su ne masu yawo tsirara. Na uku, Glossosomatidae, na gina rumfar tsakuwa mai kama da ƙoƙon kunkuru, da ɗamara a ƙasa kamar ta sirdi, kuma ba sa faɗaɗa ta, in ta yi musu kaɗan sai su yar su gina sabuwa. Na huɗu, Hydroptilidae, ƙanana ne ƙwarai, ba sa gina komai a matakai huɗu na farko, sai a na biyar cikinsu ya kumbura su saƙa wani abu kamar alabe. Ina za a sa waɗannan? Herbert Ross na Amurka, a littafinsa na 1956 kan kadis na tsaunuka da rubuce-rubucensa na baya, ya nuna cewa asalin rukunin daga ƙoramu masu sanyi yake, kuma ya ga waɗannan dangogi a matsayin matakala da ta kai ga bututu. A 1984 John Weaver ya tara su a rukuni na uku, Spicipalpia. Glenn Wiggins na gidan tarihi na Toronto ta Kanada, wanda ya ba da rayuwarsa ga nazarin tsutsotsin, ya kawo hujja daga yadda suke kwanciyar rikiɗa: waɗannan dangogi na rufe kansu cikin kwanson siliki marar kafa, sauran kuwa na barin ruwa ya ratsa. An yi shekaru ana ja-in-ja. Da nazarin ƙwayoyin gado ya shigo, tun daga aikin Kjer da Blahnik da Holzenthal a 2001, sai ya tabbatar da rukunai biyun Martynov, amma ya kasa tabbatar da cewa dangogin huɗun 'yan ɗaki ɗaya ne. Nazarce-nazarcen baya-bayan nan sun fi jingina su da masu bututu. Yau an san nau'i fiye da 16,000 a dangogi kusan 50, kuma ana ci gaba da ƙarawa kowace shekara.

Shi kuwa Réaumur, lokaci ya wanke shi. Babu wata dangantaka tsakanin rukunan ƙwari da masana suka fi amincewa da ita kamar ta kadis da malam-buɗe-littafi da asu. Gashin fiffiken wannan shi ne ya zama ɓawon garin da ke manne maka a yatsa in ka kama wancan. Dukansu daga baki suke fitar da siliki. Ke nan tsutsar da ke ba mu silikin tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi 'yar uwar magina ta cikin rafi ce, ɗaya ta zauna a tudu, ɗaya ta shiga ruwa. Bambancin shi ne silikin kadis na kama jiƙaƙƙen dutse a ƙarƙashin ruwa. Russell Stewart na jami'ar Yuta da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa sinadarin fosfet da ke jikin zaren, tare da kalsiyam, na da hannu a wannan riƙo, kuma masu neman gam da zai liƙa tsoka a ɗakin tiyata na bibiyar lamarin.

Akwai wuri ɗaya da masana ba su da zaɓi sai su koma ga gidan, wato tsofaffin duwatsu. Rukunin ya haura shekara miliyan 200 a duniya, kuma sau da yawa tsutsar ta ruɓe, bututun ne ya saura. A yankin Auvergne na Faransa akwai duwatsun farar ƙasa da tulin bututun kadis ne ya haɗu ya zama su, Charles Lyell ya ziyarci wurin a 1828 ya kuma bayyana su a littafinsa na ilimin ƙasa. A Saberiya da Mongoliya an tono dubbai, Irina Sukatsheva ta birnin Mosko ta yi dogon aiki a kansu. Tun da ba a ga magini ba, da kayan gini ake sa musu suna: Terrindusia na yashi, Folindusia na ganye. Amma kowa ya san sunan gida ne, ba a cewa an san mai shi.

Kusan duk wannan tarihi a Turai da Amurka aka rubuta shi, kuma hakan ya bar gurbi. Dangin Limnephilidae, wanda ya cika littattafan Turawa, kusan babu shi kudu da Sahara. A nan nahiyar masu bututun da suka fi yawa 'yan dangin Leptoceridae ne, masu dogon gashin hanci, ga kuma dangogin da ba a samu ko'ina sai Afirka da Madagaska, irin su Pisuliidae. Sanin na Afirka ta Yamma kuwa, babban kasonsa ta wata hanya ya zo da ba wanda ya zata. A 1974 aka fara shirin yaƙi da cutar makantar bakin kogi a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijar da Gana, aka ci gaba har 2002. Tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar a ruwa mai gudu take zama, don haka jirage masu saukar ungulu suka riƙa zuba magani a koguna mako-mako. Fargabar ita ce kada a kashe ƙudan a haɗa da abincin kifi, masunta su rasa sana'a. Dole aka sa masu bincike su riƙa ƙirga ƙananan halittun ruwa kafin feshi da bayansa, kadis na cikin na gaba-gaba, musamman masu raga da ke zama kan dutse ɗaya da tsutsar ƙudan. Sai aka tarar ba za a iya ƙirga abin da ba shi da suna ba. Masana irin su Bernhard Statzner da François-Marie Gibon suka zauna suna rarrabe tsutsotsin kogunan yankin, kuma daga wannan aiki aka bayyana sababbin nau'o'i da dama daga Kodebuwa da Gini da Mali, waɗanda kafin nan babu littafin da ya ambace su.